Salifu ya tafi ya bar mini rabin mota

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Salifu ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni. Ina tsugunne da bokiti ina wanke motata, don yau muka yi da shi zan kai masa ya ƙarasa aikin da ya fara. Waya ta yi ƙara, na ga sunansa. Na ɗauka da jiƙaƙƙen hannu ina cewa, "Jika, ka cika azarɓaɓi, ga ni nan tafe." Sai na ji muryar matarsa, Mma Adiza. Ta ce, "Baba Alasan, abokinka ya tafi."

Na ce ya tafi ina?

Wallahi haka na ce mata. Da girmana da furfurata, na ce ya tafi ina.

Ya dawo daga sallar Asuba ya ce kansa na sara masa, ya kishingiɗa a tabarma kafin a kawo koko. Aka kawo kokon, aka tashe shi, bai tashi ba.

Mun kai shi makwancinsa bayan Azahar. Tun da na dawo nake riƙe da wayar nan, in rubuta in goge. Ku yi haƙuri in maganar ta yi tsawo, ba ni da inda zan kai ta sai wurinku.

Ga waɗanda ba su san shi ba, Salifu Mai Diril nake nufi, mai goge fentin motoci a ƙarƙashin rumfar kwanon nan ta bayan masallacinmu a unguwar Alabar, nan Kumasi. Gajere, mai ɗingishi, kullum gaban rigarsa da feshin farin folish. In ka taɓa wucewa ta lungun ka ji ƙugin inji, ka ga wani ya sunkuya a kan bonet yana yi wa mota magana, to shi ne.

Shi Moshi ne, ni Dagomba. Kun san tsakaninmu da su, jikokinmu ne, abokan wasa. Tun muna samari ban taɓa kiransa da sunansa a gabansa ba, sai Jika. Shi kuma ya ce mini Kaka mai rowa. Har 'yarsa Memuna ta tashi ta ɗauka Kaka ne sunana na yanka, kuma da shi take kirana har yau.

Da can ba mai goge mota ba ne. Ƙarfen taga yake kafawa a gidaje, diril ɗin kuma na huda bango ne. Wata rana ya faɗo daga tsani a wani gini, ƙugunsa ya goce, likita ya ce hawa ya ƙare. Ya daɗe a kwance. Mutane suka yi ta ba shi shawara ya sayar da diril ɗin ya kafa teburin sayar da katin waya. Ya ƙi.

Rannan sai ga shi a ƙofar gidana yana jan ƙafa. Ya yanko roba zagayayye kamar faifai, ya soka ƙusa mai zare a tsakiya, ya manna soso a jiki, ya ɗaure a bakin diril ɗin. Ya ce, "Kaka, ba ni aron bonet ɗinka."

Na ce, "Kai, Jika! Abin huda bango za ka ɗora wa motata? Faɗuwar nan har kanka ta taɓa?"

Ya ce, "Diril ɗin nan ya ciyar da ni a sama, zai ciyar da ni a ƙasa. Matsa."

Motata ce ta zama zakaran gwajin dafi. Ranar nan mun sha feshin folish har a gemu, don bai san ana shafa shi a jikin mota kafin a kunna ba. Muka yi ta dariya kamar yara. Amma da ya goge wurin da tsumma, sai ga shuɗin da na manta motar tana da shi.

Daga nan ya kama sana'a.

Masu gyaran mota sun sha gaya masa akwai injin da aka yi musamman don wannan aiki, ya tara ya saya. Ya ce ya ji. Bai taɓa saya ba. Diril kuwa ba abin wasa ba ne a kan fenti. Yana da nauyi, yana fizga, in ka bar shi wuri ɗaya sai ya ƙone fentin ya bar tabo. Shi ya sa ba ya aiki a rana, sai a inuwa. Zai ɗiga folish kaɗan-kaɗan, ya shafa da soson tun bai kunna ba, sannan ya taɓa makunnin a hankali, hannunsa na tafiya ba tsayawa. Can sai ya kashe, ya ɗora bayan hannunsa a jikin motar kamar uwa na duba zazzaɓin ɗa. In ya ji ɗumi sai ya ce, "Ta gaji, a bar ta ta sha iska."

Da yamma hannayensa rawa suke yi, har shayi sai ya riƙe kofin da hannu biyu. Bai taɓa kuka da wannan ba.

Ni dai bai taɓa bari na riƙe diril ɗin ba. Ya ce, "Kai da ba ka iya jiran danja ta ba ka hannu ba? Wannan aikin masu haƙuri ne."

Akwai wata ɗabi'arsa da duk direbobin tashar Kejetia suka sani, wasu ma har sun yi fushi da shi a kanta. Salifu ba ya gama mota rana ɗaya. Zai ja salatif tun daga tsakiyar bonet, ya bi ta rufi har but, ya raba motar biyu. Ya goge gefe ɗaya har ka ga haƙoranka a ciki. Sai ya ɓare salatif ɗin, ya naɗe wayarsa, ya ce ka tafi, ka dawo jibi.

Ko ka yi rantsuwa, ko ka yi magiya, a banza. Haka za ka yini kana yawo a gari da mota rabi amarya rabi tsohuwa, yaran trotro, motocin hayar nan, suna nuna ka suna ihu.

Na taɓa tambayarsa, wai talla ce? Ya ce, "Har da talla. Amma Kaka, ɗan Adam mantuwa gare shi. In na gama duka yau, gobe ka manta yadda take da. Ka yini da ita haka, ka ga jiya da yau a jere, sannan ka san abin da za ka gode wa Allah a kai."

Na ce, "Wa'azi kuma? Da diril?"

Ya ce, "Da me kake so in yi, da rowarka?"

Allah sarki Jika.

Fitilun mota in sun yi jawur sun dushe, kyauta yake goge wa masu taksi. Ba sai ka roƙa ba, in ka tsaya gaisawa sai ka ga ya ɗauko ƙaramin soso. Ya ce fitila ba ado ba ce, ran mutane ne.

Motar da masallacinmu ke ɗaukar gawa da ita, shi ne mai wanke ta, shi ne mai goge ta, ba wanda ya sa shi. Yau ita ta ɗauke shi. Da aka jawo ta na ga aikin hannunsa a jikinta, sai na juya baya.

Shekarar da na kwanta asibiti, kullum sai ya je gidana ya tada motar don kada batir ya mutu, ya share ta, ya biyo ta wajena da wake da shinkafa a ganye. Yana ajiyewa zai ce, "Ci, kada ka mutu ka bar mini gadon bashi." Ina dariya ɗinkin tiyatar da aka yi mini yana ja na.

Bai taɓa ce wa mutum motarsa ta tsufa ba. Komai koɗewarta, sai ya shafa ya ce, "Fentin yana nan, barci yake."

Abu ɗaya ne ke ɓata masa rai, a taɓa inda ya gama gogewa. Ko limami ne ya kai hannu sai ya ji, "A'a, a'a, Malam, da ido ake gani!"

To, ga abin da ya sa nake wanke mota da safen nan.

Ranar Lahadin nan ya kamata a kai Memuna gidan mijinta. Ita kaɗai Allah ya bar musu. Dangin angon mutanen kirki ne, suna zaune a unguwar Kwadaso, Allah ya rufa musu asiri. Kawun angon, wani Alhaji mai fara'a, ya zo har rumfa ya ce wa Salifu kada ya wahalar da kansa kan motar amarya, suna da sabuwa fil a gida, za a yi mata ado a kawo.

Salifu ya ce, "Alhaji, na gode, Allah ya ƙara arziki. Amma akwai motar da za ta kai ta." Ya nuna tawa.

Alhaji ya duba, ya sake dubawa. Ya ce, "Wannan?"

Ni kaina kunya ta kama ni. Motar nan ta yi taksi har ta gaji, na cire ta daga layi, yanzu sai kai ni kasuwa da masallacin Juma'a. Rana ta cinye rufin, shuɗin ya koma toka-toka. Rabon da Salifu ya goge ta an daɗe, don kullum na masu biya ne a gaba, ni kuma ba na matsa masa.

Salifu ya ce, "Ita. A cikinta aka kai uwar Memuna asibiti tana naƙuda, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. A cikinta aka dawo da yarinyar nan gida a zanen goyo. Motar da ta kawo ta gidana ita za ta fitar da ita daga gidana. In kunya ake ji, a bar mini wannan. Ranar Lahadi ba wanda zai sunkuyar da kai."

Alhaji ya yi murmushi ya ce, "Yoo, Malam Salifu, 'yarka ce." Amma na ga bai gamsu ba.

Da ya tafi na ce, "Jika, ka rufa mini asiri. Ka bar mutanen nan su kawo motarsu. Za a yi ta ɗaukar hoto, a sa a waya, duk Kumasi su gani."

Ya ce, "Su gani mana. Tsohuwar zuma da ita ake magani. Kawo ta ran Talata."

Shekaranjiya ke nan. Ganina da shi na ƙarshe.

Na kai ta da hantsi. Ina ganin ya ɗauko salatif na ce, "Don Allah ban da wannan karon. Biki ya matso, ka gama ta gaba ɗaya mu huta." Ko kallona bai yi ba. Ya ja layinsa tun daga bonet har but, ya fara da gefen dama.

Na zauna a benci ina ta yi masa tsiya. Na ce Moshi da taurin kai sai jakinsu. Ya ce jakin ma ya fi wasu kakanni amfani, aƙalla yana ɗaukar kaya. Aka ɗauke wuta, muka ci gyaɗa muna jira. Aka kawo, ya ci gaba.

Ya yi bonet, ya yi ƙofar gaba, ya yi rufi. Da ya zo ƙofar baya sai ya ƙi wucewa. Ya goge, ya share, ya ja da baya ya duba, ya sake ɗiga folish. Ya canja soso ya sa mai laushi, ya sake bi. Har aka kira La'asar yana kan ƙofa ɗaya.

Na ce, "Wai zinariya ka gani a ƙofar nan? Hannunka fa rawa yake yi, zauna ka huta."

Ya kashe diril ɗin. Ya ce, "Ta nan za ta shiga."

Na dubi ƙofar.

Ya ce, "Za a fito da ita a lulluɓe tana kuka, ni kuma ina cikin ɗaki, ka san ba zan iya fitowa ba. Ina so in ta sunkuya za ta shiga, ta ga fuskarta. Ta san ubanta ya rako ta har bakin mota."

Ban saba jin irin wannan daga bakinsa ba. Don in mayar da abin wasa sai na ce, "To jikan nan yau ya zama mawaƙi." Ya yi dariya, ya ɓare salatif, ya naɗe wayarsa. Ya ce, "Tafi Kejetia su yi maka dariya. Jibi ka wanke ta ka kawo. Kuma kada in ga yatsa a ƙofar nan."

Maganarsa ta ƙarshe gare ni ke nan. Kada in ga yatsa a ƙofar nan.

Jiya kuwa na sha dariya. Wani yaron mota ya leƙo ya ce, "Baba, kuɗinka rabi ne ya sa aka yi maka rabi?" Na ajiye maganar a raina, na ce gobe zan kai wa Salifu mu yi dariya tare.

Yau da ita na je gidan rasuwar, don ba ni da wata. Na faka a bakin lungu. Mutane cike, kowa ya ga motar, kowa ya san aikin wane ne. Ba wanda ya yi dariya. Wata maƙwabciyarsu Ba'asantiya mai sayar da burodi ta tsaya a gabanta ta ɗora hannu a ka tana cewa, "Kafra, kafra," wato sannu a yarensu, kamar motar ce aka yi wa rasuwa.

Kun san al'ada, abokin wasa ba ya zuwa gidan mutuwa ya yi shiru. Shi ne mai tsokanar mamaci don a ɗan sassauta wa masu kuka. Da aka fito da shi, dattawan Moshi suka juyo suna kallona. Na san abin da suke jira. Na buɗe baki na ce, "Wane irin jika ne wannan, mara kunya, zai riga kakansa tafiya? Ya gudu ya bar mini rabin mota..."

Ban kai ƙarshe ba. Su suka riƙe ni, ni da ya kamata in riƙe su.

Bayan mun dawo daga maƙabarta, dattawa suka ce a ɗaga biki sai bayan addu'ar arba'in. Alhajin Kwadaso ya jawo ni gefe, ya yi mini ta'aziyya da hawaye a idonsa. Ya ce, "Baba Alasan, zancen mota kuma ka cire shi daga ranka. Mai aikin ya tafi. In lokaci ya yi za mu kawo tamu, kada a ɗora maka nauyi."

Da zuciya ɗaya ya faɗa, na sani. Amma sai na ji kamar yanzu ne ake binne Salifu.

Na shiga cikin gida na sami Mma Adiza a tsakiyar mata. Na durƙusa na ce ta sa a ɗauko mini akwatin diril ɗin. Na ce ko dai in ƙarasa da hannuna, ko in kai wa masu babban inji su gama, amma alkawarin da ya yi ba zai faɗi ƙasa ba. A raina kuwa tsoro nake ji. Na san hannuna, na san zan iya ƙone fentin, kuma na san in baƙon hannu ya bi motar, har gefen da ya yi sai sun sake bi don ya zo daidai.

Kafin Mma Adiza ta amsa, Memuna ce ta ɗago daga jikin uwarta, idanunta sun kumbura. Ta ce, "Kaka, ina motar?"

Na ce tana waje.

Ta ja mayafi ta tashi. Mata suka ce ina za ki, ta wuce. Na bi ta. Ta tsaya a gaban bonet tana kallon layin nan, inda shuɗi mai ƙyalli ya tsaya, toka-toka ya fara. Ta bi shi da ido har rufi.

Ta ce, "Nan ya tsaya?"

Na ce nan ya tsaya.

Ta zaga ta dama. Da ta zo ƙofar baya sai ta tsaya cak, don ta ga kanta a ciki, da mayafinta da komai. Ban yi niyyar gaya mata yau ba, amma bakina ya riga ni. Na gaya mata abin da ya ce, kalma da kalma.

Ta durƙusa a ƙasa, ta ɗora tafin hannunta a kan ƙofar, ta jingina goshinta. Ta daɗe a haka. Ba wanda ya ce ta tashi.

Da ta miƙe sai ta ce, "Kaka, kada ka ƙarasa. Kada ka bari kowa ya taɓa ta. Haka za ka kai ni."

Na ce, "Memuna, rabi ce fa. Mutanen Kwadaso za su gani, za a ɗauki hoto."

Ta ce, "Su gani. In sun tambaya, ka ce Babana ne ya yi wannan gefen, kuma nan ya tsaya."

Alhaji yana tsaye a bayanmu, ya ji komai. Ya cire hularsa ya share fuska. Ya ce, "Shi ke nan, 'yata. Tamu za ta bi ku a baya."

Yanzu motar tana ƙofar gidana. Da na dawo na ga sawun tafin hannunta a ƙofar, yatsu biyar, da ɗan tabon goshi a sama. Har na ɗauko tsumma, don na ji muryarsa a kunnena yana cewa kada in ga yatsa. Na tsaya da tsumman a hannu. Sai na mayar da shi aljihu.

Ka yi haƙuri, Jika. Waɗannan yatsun ba zan goge su ba.

Ya Allah, ga bawanka Salifu ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yi masa rahama, ka haskaka kabarinsa, ka yalwata masa shi. Ka sanya wahalar hannayen nan nasa a mizaninsa. Ka ba Mma Adiza haƙuri da dangana. Ka sanya albarka a auren Memuna, ka zame mata gatan da ta rasa yau. Mu da muka rage, ka sa mu cika da imani.

Ku kuma da kuka karanta har nan, ina roƙonku abu ɗaya. Duk wanda Salifu ya taɓa ɓata wa rai, ko da a kan dawo-jibi ne, ya yafe masa. Ku sa shi a addu'arku ta yau.

In kuma kuka ga wata tsohuwar shuɗiyar mota a Alabar ko Kejetia, rabi tana ƙyalli rabi a koɗe, ba kuɗina ne ya gaza ba. Mai aikin ne aka kira kafin jibi. In dariya ta zo muku ku yi, shi ma haka yake so. Amma in kun gama, ku karanta masa Ƙulhuwallahu.

Allah ya jiƙanka, Jika. Kakanka ya gode.